MPH, MSc ko MPP: wanne ya dace da mai son aiki a kan manufofin lafiya na duniya?

Ummu_Nana ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma da tsara manufofi, musamman kwasa-kwasan da ke kallon duniya baki ɗaya. Sunayen ne suka rikita ni. Wata jami'a ta ce MPH (digiri na biyu a lafiyar al'umma), wata ta ce MSc (digiri na biyu na kimiyya) a lafiyar duniya, wata kuma MPP (digiri na biyu a tsara manufofin gwamnati) mai ɓangaren lafiya, kuma duk shafukansu baki ɗaya suke yi: wai za ka fito jagora mai kawo sauyi. Ga mai digirin farko a fannin jinya ko harhaɗa magunguna, da shekara uku na aiki, wanda burinsa ma'aikatar lafiya ko hukumomi irin su WHO da UNICEF, wanne ya fi? Sannan ta ina ake fara neman tallafin karatu? Allah ya saka da alheri.

Dakta_Alƙaluma ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Ki bar shafin farko na kowace jami'a, talla ce. Ki nemi shafin da aka jera darussan dole da na zaɓi, ki ƙirga nawa ne daga cikinsu ke koyar da abin da za ki iya yi da hannunki bayan an gama. A nan gizo ke saƙar. Kalmar "duniya" da ake liƙa wa sunan kwas ba ta nuna komai. Akwai kwas mai wannan suna da zai fitar da ke kina iya nazarin bayanan mutum dubu talatin, akwai kuma wanda za ki ƙare shi da iya muhawara kawai.

Asalin MPH digiri ne na masu aiki, ba na masu bincike ba. A Amurka hukumar da ke tantance makarantun lafiyar al'umma, CEPH, ta sa ƙa'idar cewa kada ya gaza kiredit 42 (kiredit shi ne ma'aunin yawan karatu), kuma dole a yi aikin gwaji a wata hukuma ko ƙungiya. Ana taɓa komai: ilimin yaɗuwar cututtuka, ƙididdiga, tsarin kiwon lafiya, muhalli, halayyar jama'a. Faɗinsa shi ne amfaninsa, shi ne kuma rauninsa. A Johns Hopkins, makarantar da aka kafa a 1916, MPH na cikakken lokaci wata 11 ne, kuma suna neman shekara biyu na aikin lafiya bayan digirin farko, ko kuma digirin likita. Wanda bai da wannan sai ya nemi MSPH, wani digirinsu na biyu a lafiyar al'umma, wanda ya fi tsawo kuma yana da zaman aiki a fili. Harvard ta raba nata gida biyu, mai kiredit 45 ga waɗanda suka riga suka yi nisa kamar likitoci, da mai kiredit 65. Mutane da yawa suna asarar kuɗin fom saboda sun nemi rukunin da ba nasu ba.

MSc irin na Birtaniya ya fi tsukewa. Makarantar LSHTM ta Landan, ta lafiyar al'umma da cututtukan ƙasashe masu zafi, wadda ta faro a 1899, tana da digiri daban a kan yaɗuwar cututtuka, daban a kan ƙididdigar likitanci, daban a kan lafiyar al'umma, sannan akwai wanda take yi tare da LSE, makarantar tattalin arziki ta Landan, a kan manufofin lafiya da tsarawa da samar da kuɗi. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi kusa da abin da kika bayyana. Ta Liverpool ta girme ta da shekara ɗaya, 1898, kuma ƙarfinta yana wajen cututtukan ƙasashe masu zafi da aikin jin ƙai. Kada ki rikita waɗannan da difilomar DTM&H ta wata uku a kan cututtukan ƙasashe masu zafi; wannan ta likitoci ce, kuma ba digiri na biyu ba ce.

Ga ma'aunin da nake ba kowa. Kwas mai kyau dole ya ƙunshi aƙalla darasi biyu na ƙididdiga, na farko da na gaba da shi, kuma a yi su a kan kwamfuta da manhajar R ko Stata, ba a kan allo kawai ba. Idan kin ga darasin ƙididdiga guda ɗaya ne tal, kuma ana cinye shi da rubuta maƙala, ki san ba za ki fito da sana'a ba.

Kafin ki cike fom ma ki gwada kanki da wannan. A ce akwai wata cuta da ke jikin mutum 1 cikin 100. Akwai gwajin da ke kama kashi 95 cikin 100 na masu ita, kuma yana wanke kashi 95 cikin 100 na marasa ita. An gwada mutum 10,000. Masu cutar 100 ne, gwajin zai kama 95. Marasa ita 9,900 ne, amma zai yi wa 495 daga cikinsu ƙazafi. To cikin mutum 590 da aka ce suna da ita, 95 ne kawai na gaskiya, wato kusan kashi 16 cikin 100. Makon farko ko na biyu ake yin wannan a kowane kwas na kirki, kuma shi ne dalilin da ya sa ba a tashi haka kawai a ce a yi wa kowa da kowa gwajin wata cuta. Idan lissafin ya ba ki sha'awa, ki nufi ɓangaren yaɗuwar cututtuka ko tattalin arzikin lafiya. Idan ya sa miki ciwon kai, ki ɗauki wata uku ki sake bin lissafin sakandare, musamman logaridim da yiwuwar aukuwar abu, domin babu ɗaya cikin digirin nan uku da zai raba ki da alƙaluma.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: MPH ba lasisin duba marar lafiya ba ne a kowace ƙasa. Mai son ci gaba da aikin asibiti a waje, hanyarsa daban ce.

Malam_Tsari ya rubuta:

Dakta ya yi bayani, amma ina da ja a wuri ɗaya. Ya sa alƙaluma a gaba kamar su ne komai. Wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake raba kasafin kuɗi ya san cewa ba mai hujja mafi ƙarfi ke cin nasara ba koyaushe. Ministan kuɗi ba ya tambayar yadda cuta ke yaɗuwa. Yana tambayar nawa ne, daga ina za a cire, wa zai yi kuka idan aka cire. MPP wannan yake koyarwa: tattalin arziki, kuɗin gwamnati, nazarin siyasa, dabarun sasantawa, da rubuta takardar shawara mai shafi biyu wadda mai mulki zai karanta a mota. Lafiya a cikinsa ɓangare ce, darasi uku ko huɗu na zaɓi. Saboda haka ga wadda ta riga ta san asibiti, kamar mai tambayarmu, MPP yana ƙara mata abin da ba ta da shi, MPH kuwa yana iya maimaita mata rabin abin da ta sani.

Sai dai a san nauyinsa. A Amurka yawanci shekara biyu ne, kamar na makarantar Kennedy ta Harvard. Wani digirinsu mai suna MPA/ID, na fannin ci gaban ƙasashe, ma ba a shiga sai da kalkulas mai zurfi da darussan tattalin arziki tun daga digirin farko, kuma mai digirin jinya da wuya ya cika wannan sharaɗi ba tare da ya yi ƙarin karatu ba. Na makarantar Blavatnik ta Oxford shekara ɗaya ne. A Jamus akwai makarantar Hertie a Berlin da ta Willy Brandt a Erfurt, duk da Turanci ake koyarwa. A Singafo akwai ta Lee Kuan Yew.

Tsakiyar hanya ita ce tattalin arzikin lafiya, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne kasuwa a yanzu. Jami'ar York ta daɗe a kansa, cibiyarta tun 1983. Abin da ake koya shi ne auna riba da tsada. Akwai ma'aunin DALY, wato shekara ɗaya ta lafiya da aka rasa saboda ciwo ko mutuwar wuri, wanda ya shahara bayan rahoton Bankin Duniya na 1993, da kuma QALY, wato shekara ɗaya ta cikakkiyar lafiya da aka samu, wanda hukumar NICE ta Ingila mai tantance magunguna ke amfani da shi. Misali na ƙirƙira: shiri na farko yana cin dala 200,000 ya ceto DALY 1,000, na biyu yana cin dala 350,000 ya ceto 1,300. Sabon shiga zai raba 350,000 da 1,300 ya ce ai kusan dala 269 ne kowanne, ba laifi. Kuskure ne. Tambayar ita ce me ƙarin kuɗin ya sayo: ƙarin dala 150,000 ya ceto ƙarin 300 kawai, wato dala 500 kowanne, fiye da ninki biyu na shirin farko. Daga nan sai a tambaya ko wannan 150,000 za ta fi amfani a wani wurin. Wanda ya iya wannan, ya kuma iya bayyana shi da baki cikin minti uku, ba ya rasa kujera.

Idan kuwa abin da ke ranki shi ne dokoki da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, irin Dokokin Lafiya na Duniya na 2005, da yarjejeniyar taƙaita taba ta 2003, da yarjejeniyar annoba da aka amince da ita a watan Mayun 2025, to Geneva ce gidan abin. Cibiyar nazarin harkokin duniya da ke can, wadda aka kafa a 1927, tafiyar ƙafa ce daga hedikwatar hukumomi da dama, kuma duk watan Mayu ake taron majalisar lafiya ta duniya a birnin. Amma rayuwa a can tana da tsada ƙwarai, kuma wanda ba ya jin Faransanci yana rasa rabin damar. Ko ina za ki je ma, ki fara koyon Faransanci yanzu. Turanci da Faransanci ne harsunan aiki na sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma guraben aiki da yawa a Afirka suna neman duka biyun.

Ummu_Nana ta rubuta:

Na gode Dakta, na gode Malam. Na yi lissafin, na samu 16 ɗin, duk da sai da na sake sau biyu. To batun shekara ɗaya da shekara biyu fa? An ce min na shekara ɗaya ba a karɓarsa idan mutum zai ci gaba zuwa digiri na uku. Gaskiya ne?

Dakta_Alƙaluma ya rubuta:

Rabin gaskiya ne, Malama. Ba shekara ake ƙirgawa ba, kiredit ake ƙirgawa. A tsarin Turai na ECTS, shekarar karatu ɗaya kiredit 60 ce, kowane kiredit kuma awa 25 zuwa 30 na aiki. Digiri na biyu na Birtaniya wata 12 ne cur babu hutun bazara, kiredit 180 a lissafinsu, wanda ya yi daidai da 90 na ECTS. Akwai kuma na shekara ɗaya mai 60 a nahiyar Turai. Na shekara biyu kuwa 120 ne. Jami'o'i da yawa a nahiyar Turai, musamman Jamus, suna son jimillar 300 tsakanin digirin farko da na biyu kafin su ɗauki ɗalibin digiri na uku. Mai digirin farko na shekara huɗu ana yawan lissafa masa 240, ya ƙara 60 ya cika. Mai na shekara uku, 180, shi ne zai gaza idan ya yi mai 60 ko 90. Birtaniya da Amurka ba sa wannan lissafi haka. Kowace jami'a tana da nata hukunci, saboda haka a rubuta musu a tambaya tun kafin a zaɓi digiri na biyu, ba bayan an gama ba.

Inda shekara ɗaya ke cutar da mutum da gaske shi ne kundin bincike. A Birtaniya ana gama jarrabawa wajen watan Yuni, a miƙa kundi a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Wata uku ke nan. Ɗalibai da yawa suna zuwa da burin komawa gida su tattaro bayanai daga bakin mutane. Wannan yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike guda biyu, na jami'ar da na ƙasar da za a yi aikin, kuma wasu kwamitocin sau ɗaya suke zama a wata. Idan suka dawo da takarda a gyara jimla ɗaya a fom ɗin amincewar mahalarta, wani watan ya tafi. Wanda bai shigar da takardunsa tun Fabrairu ko Maris ba, zai tsinci kansa a Yuli babu izini babu bayanai. Shi ya sa masu duba kundi ke tura ɗalibai ga bayanan da aka riga aka tattara, irin na manyan binciken lafiya da ake bi gida-gida a ƙasa baki ɗaya, wato DHS ko MICS na UNICEF, ko kuma bitar binciken da aka wallafa bisa tsari.

Su ma waɗannan bayanan suna da tarkonsu. Ba a zaɓo mutanen DHS ɗaya-ɗaya daga ƙasa baki ɗaya ba. Unguwanni ake zaɓa tukuna, sannan gidaje a cikinsu, kuma ana ɗaukar wasu yankuna fiye da kasonsu da gangan domin a samu isassun mutane a can. Saboda haka kowane mutum yana da nauyin da aka ba shi a cikin fayil, kuma a DHS sai an raba lambar da miliyan ɗaya kafin a yi amfani da ita. Wanda ya manta nauyin, kason da zai fitar na ƙasa ba daidai ba ne. Wanda ya sa nauyin amma bai gaya wa manhajar cewa a dunƙule aka ɗebo mutanen ba, zai samu tazarar tabbaci, wato iyakokin da ake sa ran ainihin adadin yana tsakaninsu, siririya fiye da gaskiya, domin maƙwabta suna kama da juna, sai ya riƙa ganin bambanci inda babu shi. A Stata umarni ɗaya ne ke gyara wannan, svyset, amma sai an koya maka kafin ka san da shi. Ki duba ko kwas ɗin da kike so yana da darasi a kan nazarin irin waɗannan bayanai.

Na shekara biyu yana ba da hutun bazara a tsakiya, wanda ake yin aikin koyon sana'a a cikinsa, kuma yawancin aikin farko daga nan yake fitowa. Kuɗinsa kuwa ninki ne, har da albashin shekara guda da aka bari. Ga mai shekara uku na aiki da wurin komawa, shekara ɗaya ta isa. Ga mai son sauya layi ɗungurungum ko mai hangen digiri na uku, biyu ta fi.

Hajiya_Mai_Fayil ta rubuta:

'Yar uwa, su Dakta sun yi miki maganar karatu, bari in yi miki ta takardu, domin a nan aka fi faɗuwa. Ki lissafa wata 15 zuwa 18 daga ranar da kika fara shiri zuwa ranar shiga aji. Tallafin ne ke ja, ba jami'a ba. Sau da yawa ana rufe neman tallafi tun jami'ar ba ta ba da amsa ba.

Chevening ta gwamnatin Birtaniya ana buɗe ta wajen Agusta a rufe cikin kaka, don karatun da zai fara shekara mai zuwa. Tana neman aikin shekara biyu, wanda suka fassara da awa 2,800, da zaɓin kwas uku, da alƙawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Dole ɗaya daga cikin ukun ya ba ki gurbi marar sharaɗi kafin wa'adin da suke sawa a watan Yuli. Nan ne ake zamewa: mutum ya ci ganawar tantancewa ta Chevening, amma jami'a tana jiran sakamakon jarrabawar Turanci, wa'adi ya wuce. Chevening kanta ta daina neman wannan jarrabawa, jami'o'in ne ba su daina ba. Yawanci suna son IELTS 6.5 ko 7.0, tare da mafi ƙarancin maki a kowane ɓangare, kuma rubutu ne ke kayar da mutane, su samu 7.0 a jimla amma 6.0 a rubutu. Sakamakon shekara biyu yake aiki. Akwai kuma tallafin Commonwealth, har da rukunin da ake nema ta hannun jami'a da rukunin karatu daga nesa.

A Jamus, hukumar musayar ɗalibai ta DAAD tana da shirin tallafi na EPOS na kwasa-kwasan da suka shafi ci gaba, ciki har da na lafiyar ƙasa da ƙasa a Heidelberg. Shekara biyu na aiki suke nema, kuma a ƙa'ida kada digirin ya wuce shekara shida da kammalawa. Ga jami'ar ake aika takardu kai tsaye, kuma kowane kwas da ranar rufewarsa. Masu son MPP su duba shirin Helmut Schmidt na DAAD ɗin. Suwidin shafi ɗaya take da shi na duk jami'o'inta, ana rufewa a tsakiyar Janairu, ana jera kwas har huɗu bisa fifiko, kuma idan aka ba ki na farko sauran sun faɗi, don haka kada ki sa wanda ba ya cikin jerin tallafi a sama. Tallafin Cibiyar Suwidin ana nemansa a Fabrairu, da shaidar aiki ta awa 3,000. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai tana da kwas ɗin lafiyar al'umma mai suna Europubhealth, shekara biyu a ƙasashe biyu. Tallafin haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya yana son shekara uku na aikin ci gaba, kuma sai a kwasa-kwasan da ke jerinsu. Fulbright ta ofishin jakadancin Amurka ake bi, kuma bizarta tana ɗaure mutum da komawa gida shekara biyu.

Makarantun lafiyar al'umma na Amurka yawanci ta shafin SOPHAS ake nemansu, kuma da yawa suna son ofishin WES mai auna takardun karatu na ƙasashen waje ya tantance sakamakonki darasi bayan darasi. WES ba ya karɓar takarda daga hannunki, sai jami'ar da kika gama ta aiko da kanta. Wannan mataki shi kaɗai yana iya cin wata biyu ko uku, don haka da shi ake farawa. Ki tabbata sunanki iri ɗaya ne a fasfo da shaidar digiri da takardar sakamako, har da jerin sunayen. Harafi ɗaya yana tsayar da fayil. Jarrabawar GRE ta shiga digiri na biyu kuwa, makarantu da yawa sun sauke ta tun 2020, amma wasu shirye-shiryen MPP da na ƙididdiga suna nan da ita.

Takardar bayanin manufa kuwa, kada ki buɗe ta da cewa tun kina yarinya kike son taimakon jama'a. Masu tantancewa sun karanta wannan sau dubu. Ki kama matsala ɗaya da kika gani a wurin aiki, ki faɗi abin da kika yi a kai da adadi, ki nuna inda iliminki ya tsaya, sannan ki ambaci darussa biyu na kwas ɗin da sunansu waɗanda za su cike giɓin. Masu rubuta miki wasiƙar shaida ki ba su wata ɗaya, ki haɗa musu da takardarki, kuma su aika daga adireshin imel na hukumarsu.

Sai biza. A Birtaniya, mai biyan kansa dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun sauka ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe ta bayanan banki kada ta wuce kwana 31 kafin ranar nema. Akwai harajin lafiya da ya koma fam 776 a shekara ga ɗalibai tun Fabrairun 2024, da gwajin tarin fuka ga 'yan ƙasashen da ke jerinsu, wanda takardarsa wata shida take aiki. Tun Janairun 2024 kuma ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Masu aure su san wannan tun kafin su sa rai. Jamus tana son asusun da aka kulle, wanda aka ɗaga zuwa yuro 11,904 na shekara a Satumbar 2024, sai dai takardar cikakken tallafi tana maye gurbinsa. Waɗannan lambobi suna canzawa, a duba shafin gwamnatin ƙasar a makon da za a nema.

Baban_Sadiq ya rubuta:

A ƙara da wannan don kada a yi kitso da kwarkwata. Digirin ba ya buɗe ƙofar WHO shi kaɗai. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya matakin ƙwararrun ma'aikata na P-2 yana neman kimanin shekara biyu na aiki, P-3 biyar, kuma guraben matasa na JPO yawanci ƙasashe masu ba da kuɗi ne ke biya wa 'yan ƙasarsu. Galibi ta ofisoshin cikin ƙasa ake shiga, ko ta kwangilar 'yan watanni. Kasuwar ma ta tsuke tun 2025, da aka rushe USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, kuma Amurka ta sanar da ficewa daga WHO. Wannan ya ƙara wa maganar Dakta da Malam ƙarfi: wanda ya iya nazarin bayanai ko lissafin tsadar shiri zai iya komawa ma'aikata, ko hukumar inshorar lafiya, ko cibiyar bincike.

Sannan ba Turai da Amurka kaɗai ake wannan karatu ba. Makarantar James P Grant ta jami'ar BRAC a Dhaka ta Bangladesh, da Mahidol a Tailan, da Cape Town a Afirka ta Kudu, da Makerere a Uganda duk suna da suna, kuma ɗalibi yana ganin matsalolin a ƙofar aji. Mai son binciken ɓarkewar annoba kuwa ya nemi shirin FETP na shekara biyu, mai horar da masu bin diddigin cututtuka, wanda aka kwaikwayo daga na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da ya faro a 1951. Mafi yawan lokacinsa a fili ake yi, kuma a ƙasashe da dama yana zuwa da digiri.

Malam_Tsari ya rubuta:

Hajiya ta ambaci karatu daga nesa a gurguje, bari in cike. Na LSHTM ta hannun Jami'ar Landan ake yinsa, cikin shekara biyu zuwa biyar, ana biya darasi-darasi, mutum yana kan aikinsa. Ga ƙididdiga da yaɗuwar cututtuka ba shi da laifi ko kaɗan. Ga MPP ban cika ba da shawararsa ba, domin rabin amfanin digirin mutanen da za ki zauna da su ne. Ki lissafa awa 15 zuwa 20 a mako idan kina son gamawa da wuri; masu yankewa yawanci darasi huɗu suka ɗauka a shekarar farko alhali biyu suke iyawa.

Kowace jami'a kika zaɓa, ta intanet ko ta aji, ki buga sunanta a kundin WHED na ƙungiyar jami'o'i ta duniya kafin ki biya ko sisi. Da shi WHO da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke duba ingancin digiri. Ki kuma lura da wanda zai sa hannu a shaidar: wasu cibiyoyi koyarwa kawai suke yi, wata jami'a ce ke bayar da digirin, kuma sunan wannan jami'ar za ki nema a kundin.